Hannun da ke Shafi na Uku

Inna Zelma ce ta fara ganin abin, ko minti ɗaya bai ɗauke ta ba. Ni kuwa da na yi wata takwas ina goga burushi a kan littafin, ban ga komai ba sai kyan aikina.

Ranar Lahadi ce, mun taso daga coci mun ci soyayyar kaza da burodin masara a gidanta kamar yadda muka saba. Baba ya koma kujerar baranda ya kishingiɗa, hula a kan fuska. Na goge tebur tas, na sa Inna ta wanke hannu har sau biyu, sannan na shimfiɗa mata shafukan ɗaya bayan ɗaya. Littafin yara ne mai shafi talatin da biyu, labarin rayuwar Copper Deacon, dokin da ko jariri ya san sunansa a wannan yanki namu na Kentucky. Shekara talatin ke nan da ya cinye babban tseren 'yan shekara uku, da tazarar da har yau tsofaffi ke ƙara mata tsawo duk sanda suka ba da labarin. Gonar Wickmere, inda aka haife shi aka kuma binne shi, ita ta ba ni aikin, in rubuta in kuma zana. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, ni malamar zane ce kawai a firamare. An zaɓe ni ne don ni 'yar Cleotis Pruitt ce, mutumin da ya karɓi haihuwar dokin, ya yi shekara ashirin da biyu yana goge shi yana ba shi abinci. Ranar Talata da safe maɗaba'a za ta karɓi aikin.

Ranar da za a ƙaddamar da littafin kuma, ranar za a buɗe allon tagulla a ƙofar bargar Deacon, da sunan Baba a jiki. A gonakin nan sunan mai doki ake rubutawa, da na mai horarwa, da na mahayi. Wanda ya kwashe kashi kuwa sai dai a ce masa sannu da aiki. Baba ya nuna kamar abin ko a jikinsa, amma tun saura wata biyu ya sa na kai kwat ɗinsa wajen mai guga.

Inna Zelma ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta raine ni bayan rasuwar Mama. Ta wuce shafi na ɗaya da na biyu tana ta "Kai, Dessa, wannan hannu naki da albarka yake." Da ta zo na uku sai ta yi tsit. Inna Zelma ko a wurin jana'iza ba ta yin shiru.

Shafi na uku shi ne wanda na fi so a duk littafin. Jan ɗan doki ne sabon haihuwa, ƙafafu kamar sandunan tsintsiya, da karkataccen farin tabon nan nasa a goshi, ya miƙa wuya yana zuƙar kwalbar madara. Baba ya durƙusa ya tallafe masa ƙirji. Daga gefen dama Mama ce cikin koriyar rigarta ta sanyi, tana riƙe da kwalbar tana dariya. A ƙasa na rubuta: "An haifi Deacon ranar uku ga Janairu, ana tsananin sanyi. Uwarsa ba ta da isasshen nono, sai Vernell Pruitt ta ba shi madara a kwalba."

"Ina kika samo wannan?" in ji Inna.

"A cikin Littafi Mai Tsarkin Baba. Wani tsohon hoto ne, shi na kwaikwaya."

"Na san hoto ne, 'yar nan, ni na ɗauke shi. Da kyamarar da aka ba ni kyautar Kirsimeti." Ta ɗora yatsa a kan rubutun. "Karanta mini nan."

Na karanta mata.

"Uwarki yaushe ta rasu?"

"Haba Inna. Ashirin da tara ga Disamba."

"To fatalwa ce ke bai wa dokin nan madara ranar uku ga Janairu?"

Ranar mutuwar Mama na san ta kamar sunana. Ranar haihuwar Deacon kuwa tana sassaƙe a dutsen kabarinsa, tun ina 'yar makaranta nake karanta ta. Ban taɓa ajiye ranakun biyu kusa da juna ba, don ɗaya ta gida ce, ɗaya ta gona. Shekarata shida lokacin. Da na samu hoton, murnar ganin fuskarta ta rufe mini ido, ban yi wani lissafi ba.

Wanda bai tashi cikin dawaki ba zai ce kwana nawa ne duka-duka, me ya yi zafi? To dokin tsere a ƙasar nan ba shi da ranar haihuwa tasa ta kansa. Dukansu ranar ɗaya ga Janairu suke ƙara shekara, kamar an kaɗa musu ƙararrawa. Wanda ya faɗo a Disamba, ko da saura kwana ɗaya ne, sabuwar shekara na kamawa ya zama ɗan shekara guda a takarda, alhali bai gama koyon tsayuwa ba. In dai Deacon ya sha madara daga hannun Mama, to a Disamba aka haife shi. In kuwa a Disamba aka haife shi, ranar da ya cinye tseren 'yan shekara uku, shi ɗan shekara huɗu ne. Mutumin da ya karɓi haihuwar kuma ga shi can a baranda yana minshari.

Na fara tattara shafukan. Inna ta danne na ukun da tafinta.

"Kada ki kuskura ki taɓa shi. Allah ne ya riƙe hannunki kika zana. Shekara talatin da uku ina ƙunshe da bakina, ke kuma ba wanda ya aike ki, kika zo kika faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Inna, Baba fa? Kowa a garin nan ya san ranar da Mama ta rasu."

"Babanki ya samu doki, ya samu hotonsa a jarida, yanzu ga tagulla. Ni me na samu? Ramin da na zuba wa ƙasa. In kika cire mini yaya daga littafin nan, Dessa, kin ci kazarki ta ƙarshe a gidana."

A mota, ina kan hanyar mai da Baba gida, muka zo daidai coci. Maƙabartar a bakin titi take, dutsen Mama shi ne na biyu daga shinge. Duk wanda danja ta tsayar a wurin zai iya karanta sunan da ranar ba tare da ya sauke gilashi ba. Muna wucewa na gangara gefen hanya na kashe mota.

"Baba, yaushe aka haifi Deacon?"

"Uku ga Janairu. Je ki karanta a dutse in kin manta."

"Ba dutse na tambaya ba."

Na ɗora masa shafin a cinya. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya daɗe yana kallo, har na zaci barcin ne ya sake ɗaukarsa.

"Wa ya ba ki izinin buɗe mini littafi?"

"Kai ka aike ni in ɗauko maka takardar asibiti a ciki."

"Ka ji irinta ko. Mutum ya aiki yaro, yaro ya dawo masa da gobara." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ashirin da bakwai ga wata ne, da hantsi. Ko goɗiyar ce ta yi kuskuren lissafi ko mu ne, oho. Tsoho Hallam mai gonar yana can Florida yana shan rana. Na kira shi na ce, ranka ya daɗe, goɗiya ta sauka, namiji ne. Can sai ya ce, 'Cleotis, layin nan ba shi da kyau, ban ji abin da ka ce ba. Ka sake kirana ranar uku ga wata.' Ya kife waya."

"Shi ke nan?"

"Yo me kike so ya ƙara? Ai ya gama magana."

Ya ba ni sauran labarin yana kallon gilashin gaba. Shi da Mama suka ja goɗiyar da ɗanta zuwa tsohuwar rumfar shanya taba da ke bayan gidanmu, suka toshe ramukan katako da buhuna. Haihuwar ta zo da wuri, nonon goɗiyar bai kawo sosai ba. Likitan dabbobi ba ya kiruwa, don shi duk abin da ya taɓa sai ya rubuta kwanan wata.

"Shagon abincin dabbobi fa?" na ce. "Ga shi nan tsakiyar gari."

"Ke dai kamar ba a nan aka haife ki ba. Ki shiga shagon nan a watan Disamba ki ce a ba ki madarar jaririn doki? Kafin ki kai bakin mota labari ya riga ki gida. Uwarki ce ta ce za ta je garin bakin kogi, mil hamsin, inda ba wanda ya san fuskarta. Ranar farko ta je ta dawo lafiya. Gwangwani ɗaya ta sayo don kada a sa mata ido, ja'irin nan kuwa ya shanye shi cikin kwana biyu. Ta sake komawa. Da rana aka yi ruwa, ruwan ya daskare a kan kwalta, motar ta zame da ita."

"An ce mini wajen ƙawarta ta je kai kyauta."

"Haka muka ce."

"Ku wa?"

"Ni. Zelma kuma ta yi shiru, shirun nata ne har yau nake biya. Da 'yan sanda suka kawo kayan da ke cikin motar, akwai gwangwani biyu, ɗaya ya lotse. Ni na karɓa. Suna tafiya na shiga rumfa na dama na ba shi. A ranar, Dessa. Yunwa ba ta san an yi mutuwa ba."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Akwai wata baiwar Allah, ƙawar Mama, da na yi shekara talatin da uku ina ɗauke kai in na gan ta a kasuwa, don na ɗauka saboda kyautarta uwata ta mutu. Matar ta tsufa tana mamakin me ta yi mini. Ashe saboda doki ne, dokin da na girma ina kai wa karas a aljihun rigar makaranta, wanda na yi kuka ranar da aka binne shi.

"Cire ta," in ji Baba.

"Ita kaɗai ce fuskarta da nake da ita tana dariya."

"Hoton na nan, ki riƙe abinki. Amma ki cire ta daga littafi. Tana rufa asirin nan ta mutu. Ke ce za ki zo ki yaye?"

"Don ita kake faɗa, Baba, ko don allon tagulla?"

Ya miƙo mini shafin ba tare da ya sake dubansa ba, ya ce in kai shi gida ƙafarsa na ciwo.

Litinin da safe na kai aikin can gonar Wickmere, don sai Madam Augusta ta sa hannu kafin ya tafi maɗaba'a. Ita ce 'yar Tsoho Hallam, gonar a hannunta take tun rasuwarsa. Mace ce da ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa buƙatar ɗagawa ba. Ban canza komai a shafi na uku ba. Na so in ga ko ita ma za ta gani, ina kuma roƙon Allah kada ta gani.

Ta sa aka kawo mini kofi. Kofin zinaren da Deacon ya ciyo yana bayanta cikin akwatin gilashi. Ta buɗe shafi na ɗaya ta yaba, na biyu ta yi murmushi. A na uku ta ajiye alƙalaminta a hankali.

"Na je jana'izar mahaifiyarki, Odessa. Har yau ina tuna sanyin ranar."

Ta tashi ta jawo wata durowa, ta zaro takarda ɗaya daga cikin fayil ba tare da ta yi wani nema ba. Ta san inda take. Ta ajiye mini ita kusa da zanen. Kwafen takardar haihuwar Deacon ce, wadda aka aika ofishin rajista.

"Sa hannun wa kika gani a ƙasa?"

"Na Baba."

"Akwai wani?"

"Babu."

"Mahaifina ya rasu, ba abin da wani zai yi masa. Deacon ma yana ƙarƙashin ƙasa. Kofin nan ko za a karɓe ko ba za a karɓe ba, ban sani ba, lauyoyi za su yi shekaru suna cin abinci a kai. Amma sunan da za a ja a ƙasa na mai rai ne. Ba zan iya kafa tagulla da sunan mutumin da jaridu ke kira maƙaryaci ba, ko da ina so. Kuma ina so, ki yarda da ni."

"Ranki ya daɗe, littafin yara ne. Wa zai zauna yana lissafin kwanaki?"

"Thurman Gaddis."

Na manta da shi sam. Tsohon ɗan jarida ne mai rubutu a kan tsere, ya yi ritaya amma alƙalaminsa bai yi ba. Shekara talatin yana rubuta cewa ƙirjin Deacon ya fi ƙarfin shekarunsa, mutane suna ce masa mai hassada.

"Na gayyace shi ƙaddamarwa, don in ban gayyace shi ba zai zo," in ji ta. "Kafin ya koma shafin tsere, shi ke rubuta labaran haɗari a jaridar gari. Shi ya rubuta na mahaifiyarki. Mutumin nan ba ya manta ko lambar takalmi."

Na dube ta sosai. "Da ma kin sani ke nan? Tun tuni?"

Ta mai da takardar cikin fayil, ta rufe durowa. "Ban ji tambayarki ba, Odessa."

Ashe kurumtar gado ce a gidan.

Na fito na zauna cikin mota na rasa inda zan nufa. Gaba kura, baya sayaki. In na bar Mama, na tsiraita tsoho ɗan shekara saba'in da tara a gaban garin da ya yi wa bauta duk rayuwarsa. In na cire ta, Inna ta yi gaskiya, an sake rufe ta da ƙasa don doki ya ci gaba da zama ɗan shekara uku. Na tuna kwat ɗin da ke rataye cikin leda a bayan ƙofarsa. Wannan kwat ɗin ne ya yanke mini hukunci, ba wata hikima ba.

Da yara suka tashi na kulle kaina a ajin zane. Sabon shafi ba zai yiwu ba, wancan ma sati uku ya ɗauke ni, ga maɗaba'a gobe da safe. Kwalbar kuma ba ta ciruwa, don duk jikin ɗan dokin ita ya nufa, wuya a miƙe, leɓe a tsuke. In na goge ta zai zama kamar yana sumbatar iska. Kwalba kuwa ba ta tsayawa a sama ita kaɗai. Sai na dama fenti kalar tsohon katako, na fara zana ƙyauren rumfa a buɗe daidai inda Mama take tsaye. Na fara daga takalmanta. Na hau kan koriyar rigar, fentin ya ƙi rufe ta sai da na shafa sau uku. Fuskar na bari ƙarshe, na tsaya da burushi a sama har fenti ya ɗiga mini a siket. Na yi kuka, na zagi Tsoho Hallam a kabarinsa, na zagi wanda ya ƙirƙiro ɗaya ga Janairu, sannan na shafe.

Abin da ya rage hannu ne kawai, ya leƙo daga bayan ƙyaure yana riƙe da kwalba, da ɗan bakin koren hannun riga. Rubutun na mayar da shi: "Uwarsa ba ta da isasshen nono, sai aka ba shi madara a kwalba." Talata da safe na miƙa. Madam Augusta ta aiko mini da furanni. Inna Zelma ta daina ɗaukar wayata, a coci kuma ta koma ɗaya ɓangaren. Baba bai tambaye ni me na yi ba. Da littattafan suka iso na kai masa ɗaya, ya ɗora a kan firji, ko ledar bai yage ba.

Ranar ƙaddamarwa Asabar ce a watan Afrilu, da safe, rana ta fito fes. An jera damman ciyawa a gaban bargar Deacon, yaran makarantu uku suka zauna a kai suna ture-ture. Manya suna baya a kan kujeru. Allon yana jikin bango an lulluɓe shi da shuɗin ƙyalle, da igiyar da Baba zai ja in an gama karatu. Thurman Gaddis na layi na biyu, ya jingina haɓa a kan sandarsa, ɗan littafin rubutu na leƙowa daga aljihun gaba. Inna Zelma ta zo, abin da ban zata ba. Ta ƙi zama, ta tsaya can jikin shinge ta harɗe hannu a ƙirji.

Ni ya kamata in karanta. Amma Madam Augusta ta ce ai yara za su fi so su ji daga bakin wanda ya san dokin, aka tafa, aka tura wa Baba kujera da lasifika. Ya zauna cikin kwat ɗinsa mai karin guga, ya karɓi littafin daga hannuna. Ban samu damar ce masa komai ba.

Shafi na ɗaya ya tafi lafiya, har da ƙarin gishiri, ya kwaikwayi haniniyar goɗiya yara suka fashe da dariya. Na biyu ma haka. Ya lashi yatsa ya buɗe na uku, ya ɗaga shi sama don yara su gani kamar yadda ya yi da sauran, sannan ya juyo da shi gabansa.

Ya karanta layin farko. "An haifi Deacon ranar uku ga Janairu." Muryarsa ba ta yi rawa ba, shekara talatin da uku yana faɗarsa. A layi na biyu ne ya tsaya. Idonsa ya bar rubutun ya koma gefen dama, ya tsaya a kan ƙyauren. Lasifika ta fara ƙugi.

Wata 'yar yarinya mai giɓi a gaba ta ɗaga hannu, ba ta ma jira an kira ta ba.

"Kaka, hannun wa ne wannan? Ina sauran mutumin?"

Aka yi dariya. Madam Augusta ta matso da fara'arta, ta ɗan sunkuya wajen yarinyar.

"Ɗaya daga cikin ma'aikata ne, 'yan mata. Gona babba ce, hannuwa da yawa. Cleotis, mu je shafi na gaba ko?"

Da ta yi shiru, da wataƙila ya wuce. Na san Baba, ya iya haɗiye abu. Amma na ga yadda muƙamuƙinsa ya motsa da ta ce ma'aikata.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji shi, kuma lasifika ta kai maganar har shinge. "Ba ma'aikaciya ba ce. Ko sisi gonar nan ba ta taɓa biyanta ba." Ya dubi yarinyar. "Hannun matata ne. Sunanta Vernell."

"To me ya sa ba a zana fuskarta ba?"

"An zana. Ni na ce a cire."

Na ga Thurman Gaddis ya ɗaga haɓa daga kan sanda. Bakinsa ya motsa yana maimaita sunan, ya dubi littafin da ke hannun na kusa da shi, ya sake duban Baba.

"Vernell Pruitt?" ya ce. "Cleotis, ai Vernell a Disamba ta..."

"Na san ranar, Thurman, na fi ka saninta."

Na durƙusa kusa da kujerarsa na kama hannun kwat ɗin. "Baba, don Allah. Na riga na cire ta, an gama. Ga allonka nan, igiya kawai za ka ja."

Ya ɓamɓare yatsuna daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yadda yake cire ƙaya daga gashin doki.

"Na sa ki aikin da bai kamata a sa ɗa ba," ya ce da ni ƙasa-ƙasa, amma lasifika ba ta san sirri ba. Sannan ya ɗaga murya. "Thurman, jawo kujerarka nan gaba. Kunnenka ya yi nauyi, ni kuma ba zan faɗa sau biyu ba. Zelma, ke ma matso, in na yi kuskure ki gyara mini, tunda ba ki taɓa fasawa ba."

Madam Augusta ta koma kujerarta ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya. Thurman ya taso yana jan kujera da hannu ɗaya, ɗaya hannun na laluben aljihu. Inna Zelma ta bar jikin shinge.

Baba ya rufe littafin da na yi wata takwas ina yi, ya ɗora shi a gwiwa, ya dubi yaran.

"Na cikin nan ba haka aka yi ba," ya ce. "Ku gyara zama in gaya muku. Ashirin da bakwai ga Disamba ne, da hantsi."